Yaya da Hannun Hagunsa

Yayana mai busa ƙaho ne, irin na ƙarfen nan mai madannai uku da 'yan badujala ke busawa. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Tun ina rarrafe nake jin sa a bayan ɗaki yana hura abin nan, har maƙwabta su aiko a ce don Allah a tausaya wa masu ciwon kai. Mahaifinmu ya so ya zama makaniki. Ya kai shi gareji, ya gudo. Ya sake kai shi, ya sake gudowa. A ƙarshe tsohon ya gaji ya ce, "Je ka. Tunda iska kake sayarwa, iska za ka ci."

Bai ci iska ba. Masaƙar da ke bakin titin jirgin ƙasa tana da 'yan badujalarta, masu busa idan ƙungiyar ƙwallon ma'aikata za ta buga wasa, ko an yi manyan baƙi, ko wani ya yi ritaya. Nan aka ɗauke shi. Da safe yana gaban injin zare, da yamma yana ɗakin busa. Shugabansu na lokacin, wani tsoho mai zafin rai, shi ya koya masa karanta rubutun kiɗa, wato layukan nan biyar da ake ɗora wa ɗigo-ɗigo masu jela. Abokan aikinsa Dogo suke ce masa. Amininsa kuwa Gajere, wanda ke busa ƙaton ƙahon nan da ake ratayawa a kafaɗa. In Gajere ya shiga cikinsa, ƙafafu kawai za ka gani suna tafiya.

Da tsohon shugaban ya ajiye aiki, Yaya ya gaje shi. Ya riƙa tsara kiɗa na kansa, yana rubuta wa kowane mai busa nasa kason da hannu, a zuba a akwatin ƙarfe a ɗakin busa. Shekaru masu yawa ana haka. Sai masaƙa ta durƙushe, aka garƙame ƙofa da sarƙa. Kafin a ba shi izinin shiga ya kwashe kayansa, rufin ɗakin ya riga ya ɓule, damina ta yi ta zuba a cikin akwatin. Ya ce min da ya sa hannu, takardun suka taho masa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ƙahonin kuma an sayar wa masu gwangwan, an auna su a sikeli.

Ya koma koyar da kiɗa a wata makarantar kuɗi. Matarsa ta rasu. Ɗansa tilo yana aiki a wani gari mai nisa. Wata rana a cikin aji, alli na hannunsa, ya yanke jiki ya faɗi. Da ya farfaɗo, ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace, magana tana fitowa da nauyi kamar yana tauna ta. Ni a lokacin mijina ya rasu, na kuma bar aikin wankin da na yi shekaru ina yi a asibiti. Na tattara kayana na dawo wurinsa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, taga ɗaya tana kallon titi. Ni nake ɗaga shi, ni nake masa wanka, ni nake fassara wa baƙi abin da ya ce.

Watannin farko bango kawai yake kallo. Ranar da ya sa na ciro ƙahonsa daga ƙarƙashin gado, ya kai bakinsa, iska ta riƙa zurarewa ta gefen da ya mutu, yawu na bin ta. Ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Na mayar.

Ɗansa ne ya zo da kwamfuta. Tsohuwa ce, ta ofishinsu da aka daina amfani da ita, mai ƙaton akwati da 'yan lasifika biyu. Ya ɗora ta a kan teburin cin abinci, ya tura teburin bakin taga.

"Baba, na sa maka manhajar rubuta kiɗa," in ji shi. "Hannu ɗaya ya ishe ka. Ga maus nan, da shi za ka yi komai."

Na leƙa na ga wani ɗan dunƙulen roba da doguwar wutsiya. Na ce, "Wannan ai ɓera ne." Yaron ya yi dariya ya ce ma'anar sunan ke nan. Tun daga ranar ɓera muke ce masa a gidan.

Ya nuna wa ubansa yadda ake yi. Layuka biyar suka bayyana a gilashi, jeri bisa jeri, kowane mai busa da nasa jerin. A gefe akwai ɗigo iri-iri: fari mai rami a ciki shi ne mai dogon numfashi, baƙi mai jela ya fi shi gajarta, mai jela da tuta kuma wuf yake wucewa. Sai ka fara zaɓar wanda kake so, sannan ka ja ɓeran zuwa kan layi. Wata 'yar inuwa za ta riƙa bin hannunka. In ta kai inda kake so, ka danna, ɗigo ya zauna, lasifika ta fitar da sautinsa. In kana son sauti biyu ko uku su tashi tare, sai ka danna wani a saman na farko, ka ƙara wani a samansa, duk su hau jela guda. Yaya ya sa wa wannan suna goyo.

A baki abu ne mai sauƙi. Amma mutumin da tun haihuwarsa ko cokali bai taɓa riƙewa da hagu ba, ga shi hannun yana rawa. Tsakanin layi da layi bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Ya nufi layi na biyu, ɗigo ya faɗa na uku. Ya zo zai gyara, sai ya sake danna wani, ga goyon da ba a nema ba, sauti ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wani lokaci yatsansa ya maƙale a kan madannin, ya ja ɗigon sama da ƙasa, lasifika ta yi ta kuka. In ya zaɓi mai dogon numfashi inda gurbi bai isa ba, manhajar ta haɗiye ɗigon da ke gaba, wanda ya sha wuya kafin ya dasa. Yaron ya nuna masa wata kibiya mai lanƙwasa a sama, ta komawa baya. Ina jin babu abin da ya sha dannawa a gidan nan kamar kibiyar nan.

Kafin yaron ya koma, ya ƙara girman layukan har suka cika gilashin, ya kuma rage wa ɓeran gudu. Ni na ninke tawul na sa masa ƙarƙashin wuyan hannu. Da haka rawar ta ɗan lafa.

Ina tsakar gida ina shanya ranar da goyonsa na farko ya fito daidai. Sauti uku suka tashi tare, suka kwanta a kan juna lif. Ya sake dannawa. Ya sake. Na shigo da jiƙaƙƙen zani a hannu, na same shi yana dariya da rabin baki, hawaye na zuba ta ido ɗaya.

"Auta," ya ce, "duk zan dawo da su. Duk abin da ruwa ya ci."

Daga nan ya zama ma'aikaci. In na yi masa wanka ya sha shayi, sai in tura kujerarsa gaban tebur. Ƙas, ɗigo. Ƙas, ɗigo. Sai tsaki, sai kibiya, sai a sake. Abin da da yake rubutawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya cinye masa wuni. In wuta ta ɗauke bai adana ba, aikin safiya ya tafi, ya zauna yana huci har a dawo da ita. Kafaɗarsa ta hagu ta riƙa ciwo, ina shafa masa man zafi. Wuyan hannun ya yi kanta. Duk da haka ya ƙara ƙiba, ya koma tambayar me aka dafa.

Na lura jerin sama kullum fayau yake, babu komai sai wasu 'yan sanduna da manhajar ke sakawa da kanta, alamar shiru. Daga ƙasa yake farawa, da kason Gajere, sannan na masu tsakiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya gama sai ya buɗe sabon shafi ya kama wani kiɗan. In an kunna, sai ka ji bum-bum da amo mai daɗi, amma babu waƙar da za ka bi da baki.

Na ce, "Yaya, ina ita waƙar? Wannan ai miya ce babu abin ci da ita."

Ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Na sama nawa ne. Ni na busa shi. Yana nan, ba inda za shi. Na mutane nake tsoron mantawa."

Akwai lokacin da kafaɗar ta matsa masa, ya ce in zauna in riƙe ɓeran, shi yana nuni da rula. Ni da ko wayata sai jikata ta danna min. Ya nuna, na danna, ya faɗa wani wuri. Ya nuna, na sake kuskurewa. Ban ankara ba sai jin rula na yi a bayan hannuna, tas, kamar 'yar aji ɗaya.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ni ba ɗalibarka ba ce. Da jikokina. Kashinka da fitsarinka nake kwashewa, sannan ka doke ni a kan ɗigo?"

Kwana biyu ina yi masa komai ba na ce masa uffan. Rannan na ajiye masa shayi zan juya, ya kama bakin zanina da hannun hagun.

"Auta, ɓera yana gaishe ki. Ya ce laifinsa ne."

Na ce a gaya wa ɓera na ji. Shi ke nan aka wuce wurin.

Haka muka ci fiye da shekara. Sai wata rana da hantsi na ji kofi ya faɗi. Na same shi ya langaɓe a kujera, ido a buɗe, bai san ni ba. Maƙwabcinmu direba ya kai mu asibiti. Likita ya ce ciwon ne ya sake taɓa shi, amma wannan karon kaɗan ne, a ɗaya gefen kan. Hannun hagu ya ɗan yi sanyi, sannan ya dawo. Magana tana nan yadda take. Muka yi ta godiya ga Allah, aka sallame mu.

Washegarin dawowarmu ya ce a kai shi tebur. Ya buɗe kiɗan da ya bari, ya danna alamar kunnawa. Ina tsaye a bayansa, na ji abin da na saba ji. Shi kuwa ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi, ya kashe.

"Wa ya taɓa min ita?"

"Ba wanda ya taɓa. Ɗakin a kulle yake."

Ya buɗe wani kiɗan, ya kunna, ya kashe. "Ta lalace. Kwanuka. Kamar ana zubar da kwanuka a kan siminti."

Na ce ni dai daidai nake ji. Ya ce da ma kunnena na katako ne tun ina yarinya. Na kira mai gyara, ya duba ya ce lafiyarta lau, amma don a zauna lafiya ya canza lasifikun. Aka kunna, Yaya ya toshe kunne da hannu, ya ce mutumin ɗan damfara ne. Ya ce a nemo masa Gajere.

Gajere ya zo da sandarsa, ya tsufa, gadin wani sito yake yi. Suka gaisa, ya ja kujera. Aka kunna. Tun kafin a yi nisa ya fara buga ƙafa, yana bin kasonsa da baki, bum, bum, bum-bum, kumatu na kumbura kamar ƙahon na kafaɗarsa.

"Kai, Dogo! Wallahi shi ne. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kauce ba. Wannan ba shi muka busa ba ranar da mai ganga ya zame a taɓo?"

Yaya ya kashe kiɗan. Sannan ya ce min, a hankali, "Kunna rediyo."

Na kunna. Ana labarai, ya ce in wuce. Na murɗa har na sami inda wata mata ke waƙa da kiɗa mai sanyi.

"Me take yi?"

"Waƙa take yi, Yaya."

"Ina jin kalmomin," ya ce. "Amma ihu take yi. Kuma ana ta fasa abubuwa a bayanta."

Gajere ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa.

Da muka koma asibiti likita ya gwada kunnen ya ce garau yake. Ya yi mana bayani cewa akwai wurin da ke haɗa sauti da sauti a cikin kai har su zama kiɗa, to nan ciwon ya taɓa. Na ce zai dawo? Ya ce wasu yakan dawo musu kaɗan, wasu kuma a'a. Ya rubuta mana maganin hawan jini.

Yaya bai yarda nan da nan ba. Ya ce ko bai ji ba ai yana gani, ido ya san inda ɗigo ke zama. Ya ce yanzu zai cike jerin sama kafin wani abu ya sake faruwa. Ya zaɓi baƙin ɗigo, ya ja ɓera zuwa farkon layi. Ina kallon 'yar inuwar tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka. Bai danna ba. Rana ta bar taga ta koma bango, bai danna ba.

Ya san sunan kowane kiɗa. Ya san ranar da aka fara busa shi, da wanda ya yi kuskure, da irin rigar da suka sa. Waƙar ce kawai babu. Ya ce min in ya neme ta a kansa, kamar mutum ne ya shiga ɗakinsa ya tarar an kwashe kaya, sai shatin inda gado yake.

Duk da haka ya daure ya jera ɗigo cikin layi guda, inda idonsa ya ga ya dace. Ya kira ni daga kicin, ya kunna, ya kafa min ido.

"Ita ce?"

Na so in ce ita ce. Amma mutumin nan bai taɓa yarda a yi masa ƙarya a kan busa ba, ko yana yaro.

Na ce, "Ba ita ba ce, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya riƙa danna kibiya, ɗigo-ɗigon suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har layin ya koma fayau.

Gajere ne ya kawo shawarar mu haɗa ƙarfi. Shi bai taɓa iya karanta layukan sosai ba, da kunne ya yi aikinsa, amma waƙoƙin suna bakinsa, wasu ma suna nawa bakin. Sai ya zama shi zai rera sauti guda ya riƙe, ni in dasa ɗigo in riƙa jan sa sama ko ƙasa har ya ce tsaya, Yaya kuma ya faɗi tsawon numfashin. Muka gwada duk ranar da Gajere ba ya aiki. Muryarsa ta tsufa, tana zamewa. Hannuna ba ya jin magana. Muka ɗan ci gaba a kiɗa guda, sai muka kai wani wuri, Gajere ya ce nan waƙar hawa take yi, ni na ce sauka take yi, ai a bayan ɗakinmu aka haife ta. Ya rera nasa, na rera nawa. Muka juya gaba ɗaya muka dubi Yaya, yadda aka saba, don shi ke raba gardama.

Yana zaune tsakaninmu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana kallon bakina yana kallon bakin Gajere.

"Ku bari," ya ce.

"Dogo, saura kaɗan fa..."

"Don Allah ku bari. Ciwo yake min."

Ya miƙa hannu ya fizge wayar lasifikun. Gajere ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai kawai ya ce in gaida yara.

Bayan wannan kiɗa ya zame masa azaba. Waya ta yi ƙara, sai ya firgita. Motar talla ta wuce da lasifika, sai ya toshe kunne. Ya sa na mayar da gadonsa ɗakin ciki, nesa da titi, na riƙa cusa masa auduga a kunne. Ni da bakina na bi gidajen maƙwabta ina roƙon a rage rediyo. Wasu suka rage, wasu suka ce ai ba a kansa suke kunnawa ba. Ni ma na daina 'yar waƙar da nake yi in ina wanke-wanke. Kwamfutar na lulluɓe ta da zanin gado, muka koma cin abinci a kan tire.

Ya rame. Maganar ma ya rage ta, sai "ruwa", sai "juya ni". Ɗansa in ya bugo waya ya ce yaya aikin kiɗa, sai ya miƙo min wayar. Da yaron ya zo ya ga halin da ake ciki, ya kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar ya tafi da shi, ya ce zai nemi wanda ya san waƙoƙin ya cike. Ya yi cigiya, ba laifi. Yawancin 'yan badujalar sun rasu, wasu sun bar gari, wanda aka samu kuma bai san kansa ba, balle waƙa.

Yaya ya ƙara shekara guda da wani abu a ɗakin cikin nan. Ya rasu da safe, ina ɗora ruwan wankansa. Ɗansa ya zo, aka yi abin da ya kamata, mai gidan hayar ya ba mu ɗan lokaci mu mayar masa da makullinsa. Ni 'yata ta ce in koma wurinta.

Gajere bai samu zuwa jana'iza ba, shi ma yana kwance a asibiti da ciwon ƙafa, ba wanda ya gaya masa. Sai ana gobe zan tashi ya iso, ya tarar da ni cikin ƙulle-ƙullen kaya. Babu ko kujera, ya zauna a kan wani kwali. Ya yi min gaisuwa, na ba shi ruwa, ya sha rabi.

"Ya sha wuya a ƙarshe?"

"Bai sha ba. Kamar barci."

Ya juya kofin a hannunsa. "Ya yi maganata?"

"Bai yi ba, Gajere. Ba ya maganar kowa."

"To me ya ce? Na ƙarshe nake nufi."

"Cewa ya yi in rufe ƙofa, iska na shigowa."

Ya ce Allah ya jiƙansa. Na ce amin. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, na raka shi har bakin titi, na tsaya tare da shi sai da ya sami mota.